Taswirar Tudu da Kwari da Jita-jitar Ruwan Kamaru

Taswirar tudu da kwari taswira ce ta kwamfuta wadda ke nuna tsayin kowane wuri daga doron teku. Ana yanka ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 a tsaye, mita 30 a kwance, sannan a rubuta wa kowanne lambar tsayinsa. Wadda aka fi amfani da ita ta samo asali ne a watan Fabrairu na shekarar 2000, lokacin da kumbon Endeavour na hukumar NASA ta Amurka ya kwana 11 a sararin samaniya yana auna doron ƙasa da na'urar rada. A 2014 aka saki ta Afirka mai gidajen mita 30 kyauta ga duk mai buƙata.

Aikin da kwamfuta ke yi da lambobin nan ba shi da wuyar fahimta. Takan dubi gida guda ta gwada shi da gidaje takwas da ke kewaye da shi, ta ga wanne ya fi gangara, ta ce nan ruwa zai bi. Idan ta gama da gidajen duka, sai ta ƙirga gida nawa ke zuba wa kowane gida ruwa. Inda lissafin ya taru da yawa, nan ne ƙorama, nan ne rafi, nan ne kogi. Da haka ake shata iyakar duk ƙasar da ruwanta ke malala cikin kogi ɗaya.

Garin Taba da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan na ƙasar Zazzau suna zaune ne a kan tudu da ya haura mita 600. Tsakanin ƙasar Zazzau da ƙasar Kano ruwa yakan rabu biyu kamar yadda yake rabuwa a ƙololuwar rufin kwano. Wanda ya gangara arewa yakan faɗa kogin Kano ko na Challawa, ya bi ta Haɗeja da Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi, ba ya ganin teku har abada. Wanda ya gangara kudu yakan shiga kogin Galma, ya wuce ta gefen Zariya zuwa kogin Kaduna, ya ratsa madatsar Shiroro, ya haɗu da kogin Neja a ƙasar Nufe, ya bi ta Lokoja da Onica har Neja Delta, inda yake shiga Tekun Atilantika.

Wannan bayani kaɗai ya isa ya kashe wata jita-jita da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kusan duk damina, da zarar watan Agusta ya kama, saƙo yakan cika wayoyi cewa Kamaru ta saki ruwan dam, kowa ya yi ta kansa. Idan katanga ta faɗi a unguwa ko rafi ya shafe gonar rake, sai a ce ai ruwan Kamaru ne. Abin takaici, har masu ilimi suna tura saƙon ba tare da sun tambayi kansu ta ina ruwan zai biyo ba.

Madatsar da ake nufi, wato ta Lagdo, gaskiya ce. Tana kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru, an kammala ta a 1982, kuma sakin ruwanta ya taimaka wajen ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya. Amma ruwan Lagdo yana da hanyarsa: Adamawa, Taraba, Binuwai, Nasarawa, Kogi, daga nan sai jihohin kudu. Binuwai yana haɗuwa da Neja ne a Lokoja, garin da tsayinsa bai kai mita 100 ba. Kafin ɗigon ruwan Lagdo ya iso Makarfi, sai ya juya baya daga Lokoja, ya haura kogin Neja, ya haura kogin Kaduna, ya tsallake bangon Shiroro, ya hau sama da mita 500. Ruwa ba ya hawa tudu. Mutumin Yola ko Makurɗi yana da dalilin tsoron Lagdo; mutumin Makarfi ba shi da shi.

Illar wannan jita-jita ita ce tana wanke mai laifi. Wanda ke zaune kusa da mafarin ruwa, ruwan da ya cinye shi a kusa da shi ya sauka, a gonakin da ke samansa da rufin gidajen maƙwabtansa. Idan ya yi ɓarna, to hanyarsa aka tare. An yanka filaye a tsohon kududdufi, an cika kwalbati da leda da ɓawon rake, an yi noma har bakin gaɓa ba a bar ko ciyawa ba, masu tifa sun kwashe yashin rafi har gaɓar ta rufta. Sauyin yanayi ma yana da nasa kaso. Ɗora laifin a kan Kamaru ya fi sauƙi, domin ba ya sa kowa ɗaukar shebur.

Taswirar tana kuma nuna abin da mutanen tudu ke aika wa na gangare. Masu binciken bakin teku suna buƙatarta domin lissafin yawan laka da taki da maganin feshi da ruwa ke kwasowa daga gonakin arewa. Dazuzzukan da ke tsiro cikin ruwan gishiri a Neja Delta, inda kifi da jatan lande ke hayayyafa, da lakar koguna suke rayuwa. Madatsu irin su Kainji ta 1968 da Shiroro ta 1990 suna riƙe kaso mai yawa na wannan laka, ita kuma tana cike su a hankali, yayin da teku ke cin gaɓar da ta rasa ta. Ƙasar da zaizaya ta ɗebe daga fadamar Kudan asara ce ga manomi, asara ce ga madatsa.

Taswirar tana da iyaka. Gidan mita 30 ba ya ganin kwalbati ko ƙaramar kwata, kuma rada takan auna saman bishiya ko rufin gida a maimakon ƙasa. Shi ya sa ake ganin masu awo daga jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna suna kafa na'ura mai ƙafa uku a bakin hanya, suna dasa ɗan turken siminti, ko suna karanta allon awon ruwa da aka kafa a ƙarƙashin gada. Cire waɗannan alamu ko ɓalle ƙarfensu a sayar wa 'yan gwangwan cutar kai ce.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake. Kafin a sayi fili, a tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi a shekarar da damina ta yi ƙarfi, a kuma je a gani da ido a watan Agusta, ba da rani ba. Masu unguwanni da dagatai su ƙi sa hannu a cinikin filin da ke kan hanyar ruwa, komai yawan la'ada. A yi gayyar yashe magudanai tun a watan Mayu. Manoman fadama su bar ɗamarar ciyawa da itatuwa a bakin rafi, su daina wanke tankin feshi a cikinsa, su guji zuba taki idan hadari ya haɗo. A daina tura saƙon da ba a san tushensa ba. Hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Su kuma ƙananan hukumomin su nemi a buga musu taswirar yankinsu a manna a sakatariya, domin mai niyyar gini ya duba kafin ya haƙa harsashi.