Ciwon Daji Yakan Gyara Gona Kafin Ya Isa

A shekarar 1889 wani likitan tiyata ɗan Ingila, Stephen Paget, ya bi diddigin bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta yi ajalinsu. Abin da ya dame shi shi ne: in ciwon ya tashi yaɗuwa, me ya sa ya fi kama hanta, ya ƙyale saifa, alhali jini na ratsa kowacce? Amsar da ya bayar kowane manomi zai gane ta. Ya ce ƙwayar ciwon iri ce, gaɓar jiki kuwa ƙasa ce, iri kuma ba ya tsiro sai inda ƙasa ta karɓe shi. Sai bayan fiye da shekara ɗari aka fara gano cewa wannan irin ba ya jiran sa'a. Aike yake yi a gyara masa gonar tun bai baro gida ba, kuma da yawan aiken nan an rubuta shi ne da wani sinadari da masana suka daɗe suna rainawa.

A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai DNA, kundin da ke ɗauke da umarnin gina jiki. Ana kwafo umarnin zuwa RNA, daga nan a ƙera furotin. Da aka kammala karanta kundin gadon ɗan Adam a 2003, sai aka ga abin da ke ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Amma ana kwafo RNA daga wurare masu yawa na sauran, RNA ɗin da ba ta haifar da furotin ko kaɗan. Aikin wasu daga cikinta shi ne hana wani umarni aiki, ko rage masa ƙarfi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka fara bayyana ƙaramar irin wannan, wato maikro-RNA, a 1993, cikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. An ɗauka abin tsutsa ne kawai, har zuwa 2000 da Ruvkun ya nuna akwai irinta a jikin mutum. A 2024 aka ba su kyautar Nobel.

Abin da ya juya fahimtarmu game da daji ya zo ne a 2007 daga Jami'ar Gotenbag ta ƙasar Suwidin. Hadi Valadi da Jan Lötvall da abokan aikinsu sun nuna cewa ƙwayoyin halitta na sakin wasu 'yan ƙunsuna da ake kira eksosom, waɗanda silin gashi ya fi su kauri sau ɗaruruwa, kuma a cikinsu akwai RNA da ke shiga wata ƙwayar ta yi aiki a can. Ke nan RNA ba ta tsaya a inda aka yi ta ba, tana tafiya. Ƙari kuwa ba ƙwayoyin daji zalla ba ne. Cikinsa da kewayensa akwai jijiyoyin jini, da ƙwayoyin garkuwar jiki, da masu saƙa naman da ke riƙe gaɓa. Dukkansu masu lafiya ne, kuma su ne ƙarin ke aika wa saƙo.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ɗakin gwaje-gwajen Shizhen Emily Wang a cibiyar City of Hope da ke Kalifoniya. A 2014 suka nuna sankarar mama mai yaɗuwa na sakin wata maikro-RNA mai lamba 105, wadda ke shiga ƙwayoyin bangon jijiyar jini ta hana su yin furotin ɗin da ke manne su da juna. Bango ya yi ɓaraka, ƙwayar daji ta sami hanyar kutsawa. Shekara ɗaya bayan haka suka bayyana wata, mai lamba 122. Ita wannan tana bin jini har huhu da ƙwaƙwalwa, ta sa ƙwayoyin can su rage shan sukari, don baƙuwar da ke tafe ta tarar da abinci a ajiye. A duba wannan da kyau: huhun bai kamu ba tukuna, amma an riga an rage masa ci saboda ciwon da ke mama.

Maganar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. A 2015 masu bincike a cibiyar MD Anderson ta Tekzas sun gano cewa wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu lafiya kan tura wa baƙuwar ƙwayar daji maikro-RNA da ke kashe PTEN, ɗaya daga cikin birkunan da ke hana ƙwaya hayayyafa barkatai. Jikin da kansa, ba da saninsa ba, ya miƙa wa maharin makami.

Yawancin wannan an gan shi ne a ɓeraye da ƙwayoyin da aka raina a kwano, kuma hanyar zuwa gadon asibiti na da tsawo. Maganin MRX34, da aka gina kan maikro-RNA mai lamba 34 don danne ƙari, an dakatar da gwajinsa a 2016 bayan garkuwar jikin wasu majinyata ta harzuƙa har wasu suka rasu. Inda aka fi samun ci gaba shi ne gano cutar: tun 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin fitsari da ke neman PCA3, wata doguwar RNA marar furotin da sankarar prostate ta maza ke yi da yawa. A ganina nan ne amfanin farko zai fito, wato karanta saƙon ƙari a jini ko fitsari tun yana ƙarami.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sankarar mama ce dajin da ya fi kama mata a Nijeriya, kuma akasarinsu ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Kowane wata da aka ɓata ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ƙarin yana can yana aika saƙonsa. Uwa ko 'yar'uwa da ta ji ƙululu a mamanta, ko da ba ya zafi, a raka ta asibiti cikin makon nan, kada a jira ya girma.