Daga murfin magani zuwa lambar sirri: Yadda zamani ke tilasta wa tsofaffin Batsari da Safana neman hannun wani

Akwai kwalbar maganin da ko sau goma ka murɗa murfinta ba za ta buɗe ba. Sai dai ka ji yana ƙas-ƙas, yana zagayawa a banza. Dabarar ita ce a danna shi ƙasa da ƙarfi sannan a murɗa, kuma an rubuta hakan a samansa, sai dai da Turanci, da ƙananan haruffan da launinsu ɗaya da na murfin.

Ga matashi wannan ba komai ba ne. Amma ga dattijon da ya ba shekara 70 baya a Ruma ko Wagini, wanda amosanin gaɓɓai ya riƙe wa yatsu, yana kuma fama da yanar ido, aiki ne ja. Yakan gwada da hannu, ya sa bakin riga, ya koma ga haƙori idan akwai sauransu. Daga nan sai wuƙa, ko kuma ya jira jikansa ya dawo daga makarantar allo.

Abin dariyar shi ne, don yaron aka ƙera murfin. Wani likitan yara a garin Windsor na ƙasar Kanada, Dokta Henri Breault, shi ya tsaya kai da fata har aka samar da shi a 1967, bayan ya gaji da ganin yaran da suka haɗiyi maganin iyayensu. A 1970 Amurka ta mayar da irinsa doka. Ita kuwa takardar da ake liƙe bakin kwalba da ita, wadda sai an sa farce ko tsinke, ta bazu ne bayan 1982, lokacin da wani ya zuba guba a maganin Tylenol a birnin Chicago, mutum bakwai suka mutu.

Wato duk da dalili aka yi su. Sai dai can inda aka ƙirƙiro su an gano cewa tsofaffi na shan wahala, don haka a 1995 Amurka ta gyara ƙa'idar: kafin a amince da murfi sai an gwada shi a hannun mutane 100 masu shekara 50 zuwa 70, kuma dole 90 daga cikinsu su iya buɗewa. Mara lafiya na da damar ya ce wa mai ba da magani ya sa masa murfi mai sauƙi. Mu nan murfin ya iso mana, zaɓin bai biyo shi ba.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi damuwa. Tsohuwar da ta sha fama da kwalba sau ɗaya ba za ta sake yarda ta rufe ta ba. Ko ta bar ta a buɗe a kan taga, ko ta juye ƙwayoyin a leda ta ƙulle a haɓar zane. Ledar ba ta da suna, ba ta da ranar lalacewa, kuma maganin hawan jini da na ciwon jiki duk farare ne. A gidan da jikoki ke rarrafe, murfin da aka yi don kare yaro ya ƙare da barin magani a inda hannunsa zai kai.

Haka katin maganin zazzaɓin cizon sauro. Wanda aka fi bayarwa na manya ƙwaya 24 ne, ana shan huɗu-huɗu sau biyu a rana har kwana uku, kuma tsakanin sha na farko da na biyu awa takwas ne. A jikin kwalin wasu akwai wurin da ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya don a tabbatar ba jabu ba ne, tsarin da hukumar NAFDAC ta fito da shi tun 2010. Tsari ne mai kyau ga mai ido da karatun boko. Wanda bai da su, abin da ke cetonsa shi ne zanen da yaron kemis ke yi masa da biro a bayan kwali: layi na safe, layi na dare.

Kuɗin da ba a gani a hannu

Da a ce a kwalba abin ya tsaya, da da sauƙi. Batsari da Safana na bakin dajin Rugu, kuma shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun sauya yadda gidaje ke rayuwa. Ƙauyuka da dama sun watse, wasu sun dawo cikin garin Batsari, wasu Dutsin-Ma, wasu Katsina. Majiya ƙarfi da yawa sun tafi neman kuɗi Kano, Abuja da Kudu. Abin da suke aiko wa iyaye ba ya zuwa a hannun direba kamar da. Ta waya yake zuwa.

Mutanen yankin sun ɗanɗana abin da hakan ke nufi har sau biyu. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, Batsari da Safana na ciki, aka yi watanni babu sabis. Mai son jin muryar ɗansa ko karɓar saƙonsa sai ya kama hanya zuwa inda waya ke shiga, a kan titin da kowa ya san hatsarinsa. Sai kuma farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har ana sayen naira da naira. A lokacin ne dattawan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka ji ana ce musu sai dai tiransifa.

To, a nan ne maganar ta daina zama ta wahala kawai, ta koma ta rufin asiri.

Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magidanci a ƙasar nan bai saba wani ya san abin da ke lalitarsa ba, kai ko matarsa. Tsohuwa na da ƙullinta na kuɗin adashe ko na akuyar da ta sayar, ba wanda ya san adadinsa sai ita da Mahaliccinta. Yau kuwa, kafin ta taɓa kuɗinta sai ta miƙa kati ga mai POS, ya ce, “Iya, faɗo lambar,” ta faɗa da ƙarfi a gaban layi, ko ta ciro 'yar takardar da aka rubuta mata, wadda galibi a naɗe take tare da katin. Idan alat ya shigo, sai ta nemi mai karanta mata. Kafin la'asar duk gidan an san nawa ɗanta ya turo, kuma masu buƙata sun fara sallama.

Akasarin masu POS da jikokin da ake aika mutanen kirki ne, kuma ba don su ba da abin ya fi haka muni. Amma tsarin da ya dogara kacokan kan kirkin wani, ranar da aka gamu da mara kirki babu abin da zai tare shi. Wanda aka cire wa dubu goma aka ba shi bakwai ba shi da hanyar ganewa. Ga kuma 'yan damfara masu kira da Hausa tsantsa, su yi gaisuwa cikin ladabi, su ce daga banki ne ko daga ofishin tallafi, a karanto musu lambar da ta shigo yanzu. Dattijon da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a katse mai magana, shi ne suka fi samu. A wannan yanki ma, a san kana da kuɗi kaɗai hatsari ne, domin tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto bai bar kowa ba.

Yatsan da na'ura ba ta gani

Sai batun dangwale. Lambar BVN ta zo a 2014. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, aka sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Kusan kowane mataki na buƙatar zanen yatsa. Hannun da ya shekara 50 yana riƙe da fartanya ya yi kanta, zanen ya shafe, fatar tsufa kuma ta bushe. Sai a ce Baba ya goge a riga, ya shafa a goshi ko zai samu ɗan maiƙo, ya sake ɗorawa. Ba manomi kaɗai na'ura ke yi wa haka ba: a zaɓen 2015 ta ƙi tantance shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke. Bambancin, shi ba a ce ya je ya dawo gobe da kuɗin motarsa ba.

Ga kuma bambancin suna. Wanda aka rubuta wa Mamman a katin zaɓe, Muhammadu a banki, Mohammed a NIN, na'ura na ɗaukarsa mutum uku. Ranar haihuwa kuwa, da yawa jami'i ne ya yanka musu ita.

Masu cewa tsofaffi ne ba sa son koyo, ban yarda da su ba. Mutanen nan sun haddace *556# da *555* ba tare da sun san sunan alamomin ba, da yatsa kawai suka riƙe wurinsu. A 2023 hukumar NCC ta haɗe lambobin duk kamfanoni, duba kuɗi ya koma *310#, sa kati *311*. Gyara ne mai ma'ana, amma wanda ya yi haddar da yatsa sai ya koma farko. Kuma dubi yadda suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, da rediyo da tocilan na 'yar rakani-kashi. Ba wanda ya shirya musu bita. Abin ya zo da harshensu, bai nemi su karanta komai ba.

Karatun ma suna da shi, ba irin wanda allon waya ke nema ba ne. Da yawansu na karanta ajami tiryan-tiryan, da shi suke rubuta bashi da lissafin buhuna. A 2007 aka cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire daga sabuwar naira 100. Ya rage a 200 da 500 da 1,000. A kwalin magani, da takardar da POS ke fitarwa, da saƙon da banki ke turowa, ko harafi ɗaya babu.