Yadda Za a Kare Gida Daga Kyanwoyin Maƙwabta Ba Tare da Cutar da Su Ba

Gabatarwa

Ɓarnar da kyanwa ke yi a gidan da ba nata ba tana cikin ƙananan koke-koken da ke zuwa gaban masu unguwanni da dagatai. Muzuru ya tsallako katanga ya kama 'yan tsaki, ko mage ta zubar da nonon da aka ajiye, ko ta yi kashi a tsakar gida inda yara ke wasa. Abin yana da kama da ƙarami, amma idan wanda aka yi wa ɓarna ya fusata ya zuba guba, sai a wayi gari an rasa kaji da awaki, wani lokaci har da ran yaro, zumuncin shekaru kuma ya lalace.

Mun shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, da shugabannin al'umma, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, su san hanyoyin da za a bi a kare gida ba tare da an cutar da dabba, ko mutum, ko maƙwabtaka ba.

Abin da ke kawo kyanwa gida

Kyanwa ba ta san iyakar gida ba. Abubuwa huɗu ne ke jawo ta: abinci, da mafaka, da wurin kashi, da neman barbara.

Abinci shi ne kan gaba. Ƙarnin kifi, da kayan cikin kaza da aka yar, da kwanonin da suka kwana ba a wanke ba, da naman da aka shanya, duk tana jin ƙanshinsu daga nesa, domin hancinta ya fi na ɗan Adam ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɓeraye ma abinci ne a gare ta, saboda haka gidan da ɓera ya yi yawa ba ya rabuwa da kyanwa. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ya dace da kyanwa ƙwarai: kafin mu zargi dabbar maƙwabci, mu duba abin da muka bari a fili.

Ta fuskar mafaka, mage mai ciki tana neman wuri mai duhu da shiru, kamar ƙarƙashin rumbu, ko tsibin kara, ko kangon ɗaki, ko cikin silin. Cikinta yakan yi kwana 63 zuwa 65, takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wurin kashi kuwa, ta fi son busasshiyar ƙasa mai laushi wadda za ta tona ta rufe, irin su yashin gini da fangalin da aka gama kaftu. Shi kuma muzuru yana yawo mai nisa don neman mace, yana fesa fitsari a bango domin sanar da sauran muzurai cewa wurin nasa ne. Wannan ne asalin warin da ke damun masu gida da kuma kukan dare.

Amfanin kyanwa ga gari

Ba muna kira ne a kawar da kyanwoyi daga gari ba. Kyanwa tana rage ɓerayen da ke cin hatsi a rumbu. Ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida, tare da rufe abinci da nisantar da shara. Unguwar da ta kashe kyanwoyinta ta buɗe wa ɓera ƙofa.

Haka nan kuma, kashe kyanwa ɗaya ba ya warware matsala. Muddin abincin da ya kawo ta yana nan, wata za ta maye gurbinta cikin 'yan kwanaki.

Illolin da ya kamata a sani

Duk da wannan amfani, mai gida yana da hujjar tsare gidansa. Kashin kyanwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar da likitoci ke kira toksofilasmosis. Galibin mutane ba sa jin komai idan sun kamu, amma idan mace ta kamu a karon farko tana da juna biyu, cutar na iya jawo ɓari, ko ta taɓa idanu da ƙwaƙwalwar jariri. Ƙwayar ba ta fara kama mutum sai kashin ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa, don haka kwashe shi kullum babban rigakafi ne. A kwashe da shebur, a binne shi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Kada a ba mace mai ciki wannan aiki.

Kashin yana iya ɗaukar ƙwan tsutsar ciki, wanda yara ke haɗiya idan suna wasa da ƙasa. Taɓa kyanwar da gashinta ke zubewa yana iya sa makero. Cizo da yakushi kuwa za mu yi bayaninsu a gaba.

Matakan da mai gida zai ɗauka

Na farko, a rufe abinci. A wanke kwanoni kafin a kwanta. Nono da man shanu da miya a sa su cikin mazubi mai murfi mai nauyi, ko a rataye a ragaya. Idan an yanka kaza ko an gyara kifi, a binne kayan cikin da zurfi, kada a watsa a bayan katanga. Nama ko kifin da za a shanya, a rufe shi da raga. A gargaɗi yara kada su riƙa jefa wa baƙuwar kyanwa abinci, domin wadda ta ci sau ɗaya za ta dawo.

Na biyu, a gyara akurki. Kyanwa ba kasafai take taɓa babbar kaza ba. 'Yan tsaki da 'yan shila da 'ya'yan zabi take kamawa. Ta fi farauta da magariba da kuma asuba, saboda haka a shigar da kaji kafin faɗuwar rana, kada a sake su sai gari ya waye sosai. A sa wa akurki wayar raga mai ƙananan idanu, da ƙofa mai sakata. 'Yan tsaki a tsare su cikin keji a makonninsu na farko, abin da zai kare su daga shaho da shirwa ma. Idan ɗakin tantabaru a kan gungume yake, a naɗe gungumen da kwanon rufi mai santsi, yadda farce ba zai kama ba.

Na uku, a toshe mafaka. A liƙe ramukan silin da na ƙarƙashin rumbu, a sa raga a tagogin ɗakin girki da ɗakin ajiya, a nisantar da tsibin kara da itace daga jikin katanga, domin su ne tsanin da take hawa. Kafin a toshe kowane rami a tabbatar babu 'ya'ya a ciki. Idan mage ta riga ta haihu, a yi haƙuri, a sanar da mai ita. Sau da yawa uwar kan kwashe 'ya'yanta da kanta idan wurin ya daina yi mata shiru.

Na huɗu, a ɓata mata wurin kashi. A rufe yashin gini da buhu ko leda. A fangalin lambu a shimfiɗa tsakuwa, ko guntayen kara, ko wayar raga a kwance, domin ba ta son taka abin da ba za ta iya tonawa ba. Yayyafa ruwa da yamma yana taimakawa, domin ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inda ta riga ta yi kashi ko fitsari, a wanke da ruwa da sabulu sosai, saboda warin ne ke komo da ita.

Na biyar, a yi amfani da abin da take ƙi. Yawancin kyanwoyi ba sa son ƙanshin ɓawon lemon zaƙi da na lemon tsami. Ana iya zuba shi a hanyar da take bi, a sabunta bayan kwana biyu ko uku. Wannan dabara ba ta aiki a kan kowace kyanwa, kuma ba ta isa ita kaɗai. Idan an gan ta, a tafa hannu ko a watsa mata ruwa mai sanyi daga buta. Idan mutanen gida duka suka riƙa yin haka a kai a kai, za ta gane cewa gidan ba wurin zama ba ne.

Abubuwan da ba a yarda da su ba

Kada a zuba guba. Shinkafar ɓera da fiya-fiya da makamantansu ba sa zaɓen wanda za su kashe. Kaza na iya tsattsage abincin da aka sa wa guba, a yanka ta a ci. Yaro mai rarrafe na iya kai shi baki. Gawar dabbar da ta mutu na iya faɗawa rijiya. Saboda haɗarin irin waɗannan magunguna ne Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni a shekarar 2019.

Kada a watsa ƙwallon kafur a tsakar gida, domin guba ne ga kyanwa da yara. Kada a barbaɗa barkono, domin yana ƙona idanu. Kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada a kafa tarko mai kama ƙafa, ko a watsa ruwan zafi, ko a bar yara su jefe ta da danƙo. Kada kuma a kulle ta a ɗaki da nufin dukanta, domin kyanwar da ta rasa mafita ita ce ke afka wa mutum.

Zaluntar dabba laifi ne a ƙarƙashin dokar Final Kod wadda ta fara aiki a Arewa a shekarar 1960, haka ma halaka dabbar wani da gangan. Addini ma ya yi hani. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Muna kuma jan hankalin jama'a game da camfin da ke cewa baƙar kyanwa ko mai kukan dare mayya ce. Kukan da ke kama da na jariri kukan neman barbara ne. Ɗora wa maƙwabci zargin maita saboda kyanwarsa fitina ce mai girma.

Haƙƙin da ke kan mai kyanwa

Wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita yana wuyansa. Kyanwar da ta ƙoshi a gida ba ta cika ɓarna a waje ba, kuma ƙoshi ba ya hana ta kama ɓera. Ya kamata a tanadar mata wuri mai yashi a wani lungu na gida, a shigar da ita ɗaki da dare a lokacin da maƙwabta ke da 'yan tsaki. A kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar rigakafin haukan kare tun tana da wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Fiɗiye muzuru yana rage yawo da faɗa da fesa fitsari, kuma likitan dabbobi na iya yi wa mage aikin da zai tsayar da haihuwa. Ba aikin da za a yi a gida ba ne.

Wanda aka yi wa ɓarna ya fara samun maƙwabcinsa cikin mutunci, su biyu, ba a gaban jama'a ba. Idan abin ya faru a ɓangaren mata, matan gidajen biyu sun fi saurin daidaitawa. Idan ba a sami maslaha ba, sai a kai wa mai unguwa.

Idan kyanwa ta yi cizo ko yakushi

Kare ne ke jawo kusan dukkan haukan kare da ke kama mutane, amma kyanwa ma tana ɗauka. Cutar ba ta da magani idan alamunta suka bayyana, sai dai ana iya tare ta idan an gaggauta. A wanke ciwon nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya sa toka ko ganye. Idan an san kyanwar, a tsare ta da abinci da ruwa, a sa mata ido na kwana 10 ƙarƙashin kulawar ma'aikacin dabbobi, amma kada wanda aka ciza ya jira ƙarewar kwanakin kafin ya ga likita. Kyanwar da ke dalalar da miyau, ko tangaɗi, ko kai hari ba dalili, kada kowa ya kusance ta. A sanar da hukuma.

Kira ga shugabanni da ma'aikata

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da hakimai su saurari irin wannan ƙara da wuri, su je su ga ɓarnar da idonsu, su sasanta kan diyya idan ta tabbata, kuma su yi shela a kan haramcin zuba guba. Ma'aikatan duba-gari su sa ido a kan juji da mahauta da wuraren sayar da kifi, domin nan ne kyanwoyin da ba su da masu su ke taruwa. Malaman gona da na dabbobi su sanya gyaran akurki cikin abin da suke koya wa masu kiwo, kuma su yi amfani da ranar 28 ga Satumba, wadda ake kiyayewa tun shekarar 2007 a matsayin ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, wajen tunatar da jama'a allurar karnuka da kyanwoyi. Limamai da fastoci su taimaka da wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci da tausayin dabbobi.

Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi sashen aikin gona ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko asibitin dabbobi mafi kusa.