Tsohon Teburin Haɗa Sauti da Manomin Rani

Tun daga 1974, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, ruwa ya soma bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, rediyo ya zama wa manomin rani malamin gona na biyu. A nan yakan ji lokacin shukar alkama da maganin tsutsar tumatir. To, amma kafin muryar malami ta isa akwatinsa, sai ta ratsa wata na'ura wadda ba kasafai ake tunawa da ita ba, watau teburin haɗa sauti.

Aikin wannan tebur kishiyar aikin magudana ne. Ita magudana ruwa ɗaya take rarrabawa gonaki. Shi kuwa tebur sautuka da yawa yake tarawa, na makirufo da na faifai da na tef, ya fitar da su hanya guda. Kowane sauti da layinsa, kowane layi kuma da maɓallin da ake turawa sama ko ƙasa, tamkar ƙofar ruwa.

Abin lura shi ne, tsofaffin teburan nan, waɗanda aka ƙera kafin zamanin kwamfuta, ba tsufa ke kashe su ba. Ƙurar hunturu ce ke shiga maɓallan, sai a ji ƙaraf-ƙaraf ana tsakiyar shiri. Maganinta goge-goge ne da rufe tebur bayan aiki. Zafin bazara kuwa ya fi ɓarna, domin yana busar da ruwan da ke cikin kafasito, kuma masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Idan ya bushe, sai wani ƙugi ya biyo murya, wanda asalinsa wutar lantarki ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Sakin wayar ƙasa ma yakan jawo haka.

Gyaran ba ya gagara. A yawancin manyan teburan, kowane layi allo ne mai zaman kansa. A zare shi, a sauya kafasito, a like da dalma, sauran layukan na aiki. Abin da ke gagara shi ne takardar zanen na'urar idan ta ɓata, da injiniyan da ya yi ritaya bai koya wa kowa ba. Nan ne laifin ofis yake, don kuwa sau da yawa kuɗin sayen sabo ya fi saurin fita bisa ga kuɗin sayen buroshi da dalma.