Idan 'Yar'uwarku Ta Dawo Daga Gidan Yari

A ce wata mata 'yar Zangon Lome ce. Tana saran kaya a babbar kasuwar Asigame ta kai unguwa ta sayar. Rikicin kuɗi ya haɗa ta da wata abokiyar ciniki, magana ta kai ga 'yan sanda, aka tsare ta a sashen mata na gidan yarin Lome. Bayan wata takwas aka sallame ta. Ranar da ta dawo an yi murna, an dafa abinci, maƙwabta sun shigo yi mata barka.

Mako biyu bayan haka sai 'yan gida suka lura ba ita ba ce. Ba ta barci. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura, jiki na rawa. Ɗanta ya taɓa ta ta baya, ta daka masa tsawa, sannan ta fashe da kuka. Wasu suka ce iska ce ta shige ta a can. Wasu suka ce halinta ne ya lalace.

Mai karatu, irin wannan mata tana iya zama ƙanwarka, ko matarka, ko wadda kuke zama kusa da juna a wurin ibada. Abin da ke damunta yana da suna, kuma yana da magani.

Mene ne raunin zuci?

Wannan ba ciwon zuciya ba ne irin na hawan jini. Rauni ne da mummunan abu yake bari a cikin tunanin mutum, kamar duka, ko fyaɗe, ko ganin kisa, ko zaman tsoro na dogon lokaci. Jikin ɗan Adam yana da shirinsa na tsira. Idan haɗari ya zo, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Idan haɗarin ya wuce, jiki ya kwanta. Ga mai raunin zuci kuwa, jikin ya ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. Kamar mai gadi ne da ɓarayi suka taɓa shammata, yanzu ko kyanwa ta gifta sai ya busa usur.

Alamominsa sun haɗa da mugun mafarki, da yawan firgita, da faɗuwar gaba, da saurin fushi. Abin da ya faru yakan dawo mata kamar yanzu yake faruwa. Takan guji mutane ko wuraren da ke tuna mata da shi. Wata takan zo asibiti da ciwon kai, ko ciwon ciki, ko ciwon jiki, a auna ta ba a ga komai ba.

Abin da bincike ya gano

Ƙididdigar da aka fitar a 2022 ta nuna mata da 'yan mata fiye da 740,000 ne ke tsare a gidajen yari na duniya, wato kusan kashi 7 cikin 100 na dukan fursunoni. Da yake ba su da yawa, an gina gidajen yari da tsarinsu ne domin maza.

Masu bincike a ƙasashe dabam-dabam sun yi ta cin karo da abu guda: da yawa daga cikin matan nan sun shiga da rauninsu tun daga gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, galibi daga miji ko abokin zama. A cikin matan da ke tsare, abin ya fi haka yawa. A Ingila, bayan mata shida sun mutu a gidan yarin Styal, gwamnati ta sa Jean Corston ta yi bincike. Rahotonta na 2007 ya nuna yawancin matan ba masu haɗari ba ne ga jama'a. Talauci, da dukan miji, da shaye-shaye, da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ne suka yi musu jagora zuwa can.

Tsarewa kuma takan fama tsohon miki. Matar da aka taɓa yi wa fyaɗe, idan aka tuɓe ta domin bincike, ko aka kulle ta cikin duhu, ko namiji ya daka mata tsawa, jikinta yakan koma ranar farko. Ga kuma tunanin 'ya'yan da ta bari, wanda ga uwa ya fi yunwa ciwo.

Haƙƙin mace a tsare

A watan Disamba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 70 kan yadda za a riƙe mata fursunoni. Ana kiran su Ƙa'idojin Bankok. Ku riƙe waɗannan:

• Idan mace ta shiga, a duba lafiyarta, har da ta tunani, a tambaye ta ko an taɓa cin zarafinta.
• Mace ce kawai za ta binciki jikin mace.
• Ba a sa wa mace ankwa ko mari lokacin naƙuda, ko haihuwa, ko da zarar ta haihu.
• Ba a hukunta ta da hana ta ganin 'ya'yanta.
• Mai ciki da mai ƙananan yara, in laifin ba babba ba ne, an fi son a yi mata hukuncin da ba na ɗauri ba.

A Lome akwai ƙungiyar mata mai suna GF2D, wadda aka kafa a 1992. Tana horar da masu ba da shawara kan doka, tana kuma sauraron matan da aka zalunta.

Ana warkewa kuwa?

Ana warkewa. Wata likita a Amurka, Judith Herman, ta bayyana a 1992 cewa warkewa tana bin mataki uku. Na farko, mace ta sami wurin da take cikin aminci. Na biyu, ta faɗi abin da ya same ta ga wanda ta amince da shi, ta yi kukanta. Na uku, ta koma cikin mutane da sana'arta. Ba a tsallake na farko. Matar da aka mayar hannun wanda ke dukanta ba za ta warke ba.

An gwada maganin zama a tattauna a Afirka, ya kuma yi aiki. A gabashin Kongo, wani bincike da aka buga a 2013 ya bi mata kusan 400 da aka yi wa fyaɗe. Waɗanda suka riƙa zama ƙungiya-ƙungiya da mai ba da shawara da aka horar sun sami sauƙi sosai fiye da sauran. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Binciken 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Waɗannan kakanni ba likitoci ba ne. An koya musu sauraro ne, da riƙe sirri, da taimaka wa mutum ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da za ku yi

Tun tana ciki, ku riƙa kai ziyara, ku kai mata labarin yaranta. Idan ta dawo, kada ku tsare ta da tambayoyi. In ta fara magana, ku saurara, kada ku ce "ai ya wuce, ki manta." Abin da ta faɗa muku kada ya fita zuwa bakin famfo ko gidan suna. Ku hana yara da manya kiranta 'yar fursuna. Ku mayar da ita cikin adashi, ku haɗa mata ɗan jari, ku bar ta ta yanke shawara kan ƙananan al'amuranta, domin a can an raba ta da wannan.

Ke kuma 'yar'uwa, idan firgicin ya taso, ki zauna, ki dafa ƙasa da tafin ƙafa, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi a hankali, kamar sau goma. Ki guji taramol da ƙwayoyin barci na masu talla. Sukan kwantar da ke yau, gobe su zama wani ciwon. Addu'a tana ƙarfafa zuciya, kuma ba ta hana zuwa asibiti.

Ku zo asibiti idan alamomin sun wuce wata ɗaya, ko ta daina ci, ko ta kasa kula da jaririnta. Idan ta ce gara ta mutu, kada ku ɗauka wasa ne. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran magunguna daga ɗakin, a kawo ta a ranar. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura ta babban asibitin Sylvanus Olympio a Lome, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Zebe a Aneho.

Mutanen Zangon Lome sun san zafin a tayar da mutum daga gidansa. A 1977 aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari, aka mayar da jama'a arewa da birni, suka sake gini daga tushe. Tun asali ma zango wurin da matafiyi ke sauke kaya ne, mai masauki ya ba shi ruwa kafin ya tambaye shi labari. Wadda ta dawo daga gidan yari ta yi doguwar tafiya da kaya mai nauyi. Ku fara ba ta ruwa da wurin kwana. Labarin zai zo a lokacinsa.