Naira 70,000 da Haƙurin da Ake Nema Wurin Matasan Ma'aikata

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, dattawan ofis ke ƙorafin cewa yaran yanzu ba su da godiya: an yi musu ƙari, amma kullum idonsu na waje. Wannan hukunci bai yi wa yaran adalci ba.

Wanda ya kama aiki zamanin Gowon ya ci ƙarin Udoji na 1974. Da yawansu sun sami gida a kwatas da rancen mota, kuma kowa ya san in ya cika shekarunsa akwai garatuti da fansho daga aljihun gwamnati. Don wannan alkawari ya shanye faɗan oga da jinkirin ƙarin girma. Dokar fansho ta 2004 ta sauya lissafin: daga albashinka ake yanka, a haɗa da kason gwamnati, a damƙa wa kamfanin fansho. Tsohon alkawarin ma bai cika ba. Matashin yanzu da idonsa ya ga mahaifinsa rungume da fayil a leda, yana layin tantance 'yan fansho a sakatariya, rana na dukansa. To, da wane baki za a ce masa ya yi haƙuri, komai lokaci ne?

Sai ga cire tallafin mai a Mayun 2023. Kafin ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000, buhun shinkafa ya fi sabon albashin tsada. Shi ya sa ma'aikacin mataki na 8 zai sa hannu a rajista da safe, kafin azahar yana rumfarsa ta POS. Likita da ma'aikaciyar jinya kuwa takardun tafiya Saudiyya ko Ingila suke haɗawa.

Dattawan dai ba su rasa abin faɗa ba. Akwai mai hangen kujerar darakta alhali bai iya rubuta wasiƙar ofis ba, ga latsa waya a gaban mai jiran sa hannu. Amma makara da "dawo gobe" sun girmi waɗannan yara.

Ofisoshin ne ke kwana ciki. Wanda aka gama horarwa ya ajiye aiki, wanda ya rage rabin hankalinsa na kasuwa, waɗanda suka san kan aiki kuma suna ritaya babu wanda suka miƙa wa. A asibitin gwamnati mara lafiya ne ke biyan bashin, yana wuni kan benci kafin layi ya zo kansa.