Darar Ribaɗi: Dokokin Da Muke Shimfiɗawa Kafin A Zuba Ɗa Na Farko

Rigimar dara ba ta tashi lokacin da ake haƙa gidaje a ƙasa. Sai wasa ya yi nisa, wani ya jera 'ya'ya huɗu ya miƙa hannu zai ci, abokin karawarsa ya tare shi ya ce, "A garinmu huɗu ba ta ci." Daga nan musu ya kaure, 'yan kallo su rabu biyu, ƙarshe wani ya sa ƙafa ya share gidajen. Duk wanda ya taso tsakanin Tambuwal da Kebbe, ko ya taɓa zama gindin bishiya a Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi, ya ga irin wannan. Kuma a cikin su biyun ba wanda ya yi ƙarya. Dara ba ta da littafin doka. Kowa yadda ya tarar ana yi a ƙofar gidansu haka ya ɗauka.

Mu wasu ɗalibai ne 'yan wannan yanki da ke karatu a jami'a a Sakkwato. Idan an yi hutu mukan koma gida mu zauna da ƙannenmu 'yan sakandare mu yi dara, amma tamu mun yi mata ƙari: mun ɗora mata tarihin yaƙe-yaƙen da aka yi a wannan ƙasa tamu, muka sa mata suna Darar Ribaɗi. Ga yadda take, da dalilin kowace doka, ko za ku gwada a makarantunku lokacin tara ko bayan an tashi.

Ga wanda bai iya ba, ga tushen wasan a taƙaice. Ana haƙa gida 30, layi biyar, kowane layi gida shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12, ko ɗiya 12 kamar yadda muke faɗi a Sakkwatanci. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon dabino, ɗaya ya ɗauki guntayen kara. Da farko zubi ake yi, kai ka sa ɗaya ni in sa ɗaya, har 'ya'ya 24 su shiga, gida shida ya rage babu kowa. Sannan a fara tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, tunda biyu ba sa yin uku. Zabarmawan Nijar ma suna yin ta, sukan kira ta dili, haka Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita.

A kan wannan tushe kusan kowa ya yarda. Abubuwa uku ne ke kawo saɓani, kuma su muke fara yankewa. A wurinmu ba a jera uku lokacin zubi. Jera huɗu ba haramun ba ne, amma ba ya ci. Kuma ɗan da ke cikin jeren uku na abokin karawa ba a cire shi, sai in duk 'ya'yansa a cikin jere suke. Wata unguwar akasin haka take yi, ba kuma mu ce tamu ta fi ba. Ku da kuke yin ludo da Whot kun san zancen: ba dokar ce ke haddasa faɗa ba, fito da ita a tsakiyar wasa ne, daidai lokacin da za ta amfani mai fito da ita.

To, ina tarihi ya shigo?

Ƙasar da muke zaune a kai bakin daga ce a ƙarni na 19. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, amma Kabawa, jikokin daular da Kanta ya kafa tun ƙarni na 16, ba su ƙare ba. Sun koma Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye. Daga nan aka yi ta gwabzawa tsakanin Kabi a gefe ɗaya, Sakkwato da Gwandu a ɗaya gefen, har zuwan Turawa, ba tare da an ci Argungu ba. Shi kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, dabarar da ya dogara da ita ita ce ribaɗi: gari mai ganuwa a kan iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma a ciki. Shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu. Tambuwal ma tarihinta a haɗe yake da wannan tsari, domin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya riƙe ta. Saboda haka a wasanmu gefe ɗaya Kabi ne, ɗaya gefen Daular Usmaniyya.

Dokar farko ta ribaɗi ce, kuma ita ta fi canza wasan. Kafin zubi, kowa zai zaɓi gida ɗaya a layin da ke gabansa ya zagaye shi da yatsa. Wannan ne birninsa. Abokin karawa ba zai zuba ɗa a ciki ba lokacin zubi. Ɗan da ke zaune a birni ba a cire shi ko an ci. Amma in mai birni ya fitar da ɗansa, abokin karawa ya samu ya shiga, birni ya zama nasa har da kariyarsa. Akwai hanya ta biyu ta cin birni, wato ƙawanya: in aka toshe duk gidajen da ke maƙwabtaka da shi da 'ya'yan abokan gaba, aka riƙe haka har tafiya uku, ɗan ciki ya faɗi, kamar yadda yunwa da ƙishirwa ke karya garin da doki ya kasa tsallake ganuwarsa.

A nan lissafi ke shigowa, kuma muna so ku tsaya ku ƙirga da kanku. A cikin gidaje 30, huɗu ne na kusurwa, kowanne da maƙwabci biyu. Goma sha huɗu na gefe ne, kowanne da maƙwabci uku. Sha biyun da suka rage na tsakiya ne, masu maƙwabta huɗu. Sabon shiga yakan ruga ya kafa birninsa a kusurwa, yana ganin nan ne maɓoya. Alhali 'ya'ya biyu kacal sun isa su yi masa ƙawanya. Wanda ya kafa a tsakiyar layinsa kuwa sai an sadaukar da uku, kuma duk mai sa 'ya'ya uku gadin birni ɗaya ya rage ƙarfinsa a sauran fili. Sau da yawa mai ƙawanya yana can yana jiran birni ya faɗi, a bayansa ana cinye masa 'ya'ya. Wannan ce dara ta ci gida ta gaskiya.

Doka ta biyu ta gulbi da damina ce. Layin tsakiya, na uku, shi ne gulbi. Wanda ya san Gulbin Zamfara da ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, ko fadamar Gulbin Kabi da ta daɗe tana kare Argungu, ya san abin da muke nufi. A da, da rani aka fi fita yaƙi. In ruwa ya sauka mayaƙa manoma ne, gona na kira, rafuka sun cika, doki ba ya son taɓo. Saboda haka muna ƙirga tafiya: kowa ya yi goma, rani ke nan, sai damina ta tafiya uku. Da damina ba a shiga layin gulbi. Wanda ke ciki yana iya fita, amma ba ya komawa sai rani. In mutum ya rasa inda zai matsa, sai ya haƙura abokinsa ya tafi. Kada ku tsawaita daminar. Gida shida ne kawai babu kowa a farkon tafiya, in kuka rufe gulbi na dogon lokaci wasan zai sandare, kowa ya gaji.

Ƙirgar nan tana buƙatar mutum na uku, alƙali. Ba mu muka fara wannan ba. A 1824 wani hafsan soja mai suna Reisswitz a ƙasar Furusiya, wadda yanzu wani ɓangarenta ke cikin Jamus, ya gabatar wa shugabannin rundunarsu wasan yaƙi a kan taswira mai suna Kriegsspiel, aka karɓe shi don horar da hafsoshi. Gefe ɗaya ja, ɗaya shuɗi, kuma a tsakani akwai alƙali wanda maganarsa ce yanke. Namu alƙalin aikinsa bai kai nan ba: ya riƙe tsakuwar ƙirga, ya sanar da shigowar damina, ya kuma hana 'yan kallo magana. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya. Akwai mai tari in ya ga haɗari, akwai mai cewa "hmm" da wata irin murya. Duk ba da satar amsa ne, kuma hukuncinsa tashi daga wurin. Haka in ka taɓa ɗa, shi za ka matsa, kamar yadda ake yi a gasar ces.

Sai doki. Masu dara sun san shi: ka tsara 'ya'ya biyar yadda ɗaya zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, in ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku, kowace tafiya ci. A darar gargajiya wanda ya kafa doki kusan ya gama wasa, sai dai ka zauna kana kallo ana kwashe maka 'ya'ya. Mu mun ce doki dabba ne, yana gajiya, balle wanda aka ɗora wa lifidi. In ya ci sau biyu a jere, tafiya ta uku dole a matsa wani ɗan daban. Wannan 'yar tazara ita ke ba wanda ake ci damar cusa ɗansa ya toshe hanyar dokin. Wasu dattawa da suka ga muna haka sun ce mun lalata dara, wai daɗinta ke nan ka kafa doki ka sha dariya. Muna girmama ra'ayinsu, kuma in da su muke yi, tasu muke bi.

Dokar da muka fi riƙewa da ƙarfi ba ta shafi tafiyar 'ya'ya ba. Ba wanda ke zaɓen gefe. Alƙali zai riƙe tsinke biyu, dogo da gajere, wanda ya ja dogo shi ne Kabi a zagayen farko, a zagaye na biyu a yi musanya. Ba a cewa wane ya yi nasara sai an yi zagaye biyun, in aka yi ɗaya da ɗaya a ƙirga 'ya'yan da kowa ya tsira da su. Dalili a fili yake. A aji ɗaya a Tambuwal ko Kebbe za ka sami Bafulatani da Bakabe da Bazamfare da Bagobiri a benci guda, wasu ma uwa nan uba can. Kakannin wasunmu sun tsaya a wannan gefen ganuwa, na wasu a wancan. In aka bar kowa ya ɗauki gefen kakansa, ba dara ake yi ba kuma, gori ake yi, kuma mun san inda gori ke kai yara. Amma wanda ya zauna a matsayin Kabi, ya ga an yi wa birninsa ƙawanya yana ƙirga tafiya nawa suka rage damina ta sauka, ya fahimci wani abu game da Argungu da ba lalle ya samu a darasin aji ba. Haka wanda ya riƙe ribaɗi da 'ya'ya huɗu ya san abin da ake nufi da zaman iyaka.

Musanyar nan ita ce kuma ma'aunin duk wata sabuwar doka da wani zai kawo. Mukan tambaye shi: in kai ne a ɗaya gefen, za ka yarda da ita? Wani ya taɓa kawo shawarar a ba Daula 'ya'ya 14 tunda ta fi Kabi yawan jama'a da faɗin ƙasa. Gaskiya ne ta fi, amma sai a ba Kabi abin da zai daidaita, misali birni biyu. Ba a yarda da dokar da za ta yanke wasa tun kafin a fara ba, ko da ta yi kama da tarihi. Balle tarihin kansa, tun daga tawayen 1849, bai ba mai yawa nasara a kan Argungu ba.

Ba a sa kuɗi, ko naira biyar, ko biskit. Da zarar an sa, ta zama caca, kuma duk wanda ya kawo zancen ya bar wurin.

Akwai doka ɗaya da har yau ba mu daidaita a kanta ba, ita ce Lafiyar Toga. Sunan ya fito ne daga sulhun da aka ƙulla a shekarun 1860 zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ya tsayar da yaƙi na wasu shekaru kafin a koma fagen daga. A wasanmu, wanda aka fi da 'ya'ya uku ko fiye yana da damar kiran lafiya sau ɗaya: kowa ya yi tafiya uku ba ci, ko da ya jera uku. Rabinmu sun ce in an kira dole a amsa, don wasa ya yi tsawo ƙarami ya samu ya koya. Sauran sun ce sulhu ba ya ƙulluwa sai da yardar ɓangare biyu, don haka mai rinjaye yana da ikon ƙi. Masu wannan ra'ayi suna da wata hujja mai ƙarfi: sau da yawa mai rinjayen ne ma ke cin ribar lafiyar, domin a tafiya ukun nan yake gyara dokinsa ba mai damunsa.

Kafin mu daidaita, abin da muke yi shi ne alƙali ya tambayi 'yan wasan biyu tun ba a haƙa gida ba, ya rubuta abin da suka zaɓa a bayan littafi tare da sauran dokokin, kowa ya sa hannu. Ku gwada duka biyun a makarantunku, kowace sau goma, ku riƙa rubuta wanda ya kira lafiya da wanda ya ci wasan, ku aiko wa wannan shafi abin da kuka samu.